Bud Dajo, Maris 1906: yaƙi aka yi ko yanka?

Malam Habu Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna abin da ya faru a Bud Dajo, a tsibirin Jolo da ke kudancin Filifin, daga 5 zuwa 8 ga Maris 1906. Ga wanda bai san wurin ba, tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, tsayinsa kusan ƙafa 2,100, kimanin mil 6 daga garin Jolo. Samansa ya lotsa kamar ƙwarya, akwai ruwa a ciki, ana iya shuka. Musulmin ƙabilar Tausug, maza da mata da yara, suka hau suka yi wata da watanni a can. Sojojin Amurka ƙarƙashin Manjo-Janar Leonard Wood suka hau suka kashe kusan kowa. A takardun sojan Amurka sunan abin "yaƙin Bud Dajo na farko". Mutanen Sulu kuwa, wato yankin tsibiran da Jolo ke ciki, kisan kiyashi suke ce masa. Wanne ne daidai, kuma me ya sa labarin yake nutsewa ya sake tasowa?

Auwalu Ɗalibi:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, me ya kai Amurka can, kuma me ya hau da mutanen kan dutse?

Dakta Rabi:
Auwalu, abin ya faro ne daga yarjejeniyar Faris ta 10 ga Disamba 1898, inda Sifaniya ta miƙa wa Amurka Filifin a kan dala miliyan 20. Aka haɗa da Sulu cikin cinikin, alhali Sifaniya ba ta taɓa mallakar cikin tsibirin da gaske ba, garin Jolo mai ganuwa kawai ta riƙe sosai. A lokacin Amurka na fama da masu neman 'yanci a arewa, ba ta son buɗe wata wutar a kudu. Sai Janar John Bates ya ƙulla yarjejeniya da sarkin Sulu, Sultan Jamalul Kiram na Biyu, ranar 20 ga Agusta 1899: ba za a taɓa addini da al'ada ba, shari'ar da ke tsakanin Moro da Moro, wato Musulmin kudancin Filifin, tana hannun sarki, kuma za a riƙa ba shi albashi duk wata tare da wasu manyan datu, wato hakimansa. Har Istanbul aka je: jakadan Amurka Oscar Straus ya roƙi Sultan Abdulhamid na Biyu ya aika wa Musulmin Sulu saƙo kada su yaƙi Amurka, ya kuwa aika ta hannun manyansu da ke Makka.

Da yaƙin arewa ya lafa sai zance ya canza. A 1903 aka kafa Lardin Moro, Wood ya zama gwamnansa na farko. A Maris 1904 Amurka ta soke yarjejeniyar Bates ita kaɗai, ba shawara. Aka haramta bauta, aka rage wa datu ikon shari'a, aka ɗora harajin kai da ake kira sedula, peso ɗaya a shekara kan baligin namiji. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma karɓar takardar harajin daga hannun wanda ba Musulmi ba, a wurinsu mubaya'a ce. Ga shi kuma guguwa ta lalata amfanin gona, abinci ya yi wuya. Abin da ake yawan mantawa shi ne, yawancin waɗanda suka hau dutsen talakawa ne da suka guje wa Amurka suka kuma guje wa datu ɗinsu, domin ta hannun datu ake karɓar harajin. Shi ya sa da aka tura manya irin su Datu Kalbi da Datu Julkanain su lallashe su su sauko, maganar ba ta shiga ba.

Kyaftin Isa (mai ritaya):
Bari in ɗora da ɓangaren soja, don a nan ne hujjar take.

Wood ya tara mutum kusan 750 zuwa 800: dakarun ƙasa daga runduna ta 6 da ta 19, sojan doki na runduna ta 4 da suka ajiye dawakinsu a ƙasa, rukunin igwa na 28, 'yan sandan daji na Filifin kimanin 50 waɗanda su ma Moro ne, da wasu 'yan sojan ruwa daga jirgin Pampanga. Kanar Joseph Duncan ne kwamandan filin. Hanyoyi uku ne ke hawa dutsen, kowace siririya ce a kan ƙashin bayan tudu, wani wurin sai mutum ya kama saiwar itace yana rarrafe. A ƙarshen kowace hanya mutanen sun gina kuta, wato ganuwar ƙasa da gora da duwatsu, da ramuka a bayanta. Duncan ya raba rundunar uku: Manjo Omar Bundy ta kudu, Kyaftin Edward Lawton ta gabas, Kyaftin Tyree Rivers ta yamma. Ma'anar wannan rabon a fili take: duk ƙofofin fita an toshe.

Ranar 5 aka fara ruwan harsashin igwa mai fashewa a sama ya watsa ƙarafa. Ranar 6 aka yi ta hawa, aka kwana dab da baki. Da asubahin 7 aka auka wa kutar kudu. An ja igwar dutse da igiya da kura aka hau da ita, an kuma kai bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Colt aka girke ta a gefen bakin dutsen, inda take kallon ramukan daga sama. Ranar 8 aka gama da abin da ya rage.

Su kuma me suke da shi? Takobin kris, adda mai faɗi da ake kira barong, masu, tsofaffin bindigogi kaɗan, da ƙananan igwan tagulla da suke kira lantaka. Suna mirgino duwatsu da kututture. Wannan makami yana da amfani ne kawai muddin abokin gaba yana ƙasa yana hawa. Da zarar an kai baki, tsayin da ya kare su shi ne ya kashe su, domin rami ba ya kare mutum daga wanda ke tsaye a kansa yana harbi.

Barista Nura:
Ranka ya daɗe Kyaftin, bayaninka ya nuna yaƙi ne ai. Mutanen suna da makamai, sun gina ganuwa, an aika musu su sauko sun ƙi, an kuma zarge su da saukowa suna ɗibar dabbobi da ƙona gidaje. Sun kashe sojoji, sun raunata da dama, shi kansa Kyaftin John White na 'yan sandan dajin an harbe shi a ƙafa. Ba ina wanke Wood ba ne, amma in muna son kalmar kisan kiyashi ta riƙe nauyinta, kada mu liƙa ta a duk inda aka yi rashin daidaiton ƙarfi.

Kyaftin Isa (mai ritaya):
Barista, duba lissafin kawai. A ɓangaren Amurka an kashe tsakanin 15 da 21, ya danganta ko an haɗa da 'yan sandan dajin da waɗanda suka cika daga baya, an raunata kimanin 70 zuwa 75. Wato duk gawa ɗaya akwai masu rauni uku zuwa biyar. Haka yaƙi yake a ko'ina, masu rauni sun fi matattu yawa. Yanzu juyo ɗaya ɓangaren. Wayar farko da Wood ya aika ta ce an kashe 600, ƙiyasin da ya biyo baya ya kai 900 zuwa 1,000, kuma adadin da aka fi ambata na waɗanda suka tsira shi ne 6. Ina masu raunin? Ina fursunonin? Harsashin igwa ba ya zaɓe, yana kashe wasu ya raunata ninkinsu. In aka wayi gari babu mai rauni a cikin mutum ɗari tara, to an ci gaba da harbi bayan faɗa ya ƙare.

Dakta Rabi:
Kuma ba da ma'aunin yau muke auna su ba. Dokar yaƙi ta sojan Amurka, umarni na 100 na 1863, tana aiki a Filifin a lokacin, ta hana kashe wanda ya riga ya ji rauni ya kasa faɗa. Dokokin Hague na 1899 sun hana a ce ba za a bar kowa da rai ba. Sai dai jami'an mulkin mallaka suna ganin waɗannan dokoki na tsakanin "masu wayewa" ne. Sakataren yaƙi William Taft ya aika wa Wood yana neman bayani kan mata da yara. Amsar Wood ita ce matan sun sa wando suna faɗa tare da maza, ba a iya bambancewa, yaran kuma an yi garkuwa da su. Ba a kafa wata kotun soja ba, amsar wanda ake zargi ita ta rufe maganar.

Barista Nura:
Na karɓi batun lissafin, yana da ƙarfi. Amma wace hanya ce ta rage masa? Ya bar ɗaruruwan masu makami a saman dutse suna kallon hedikwatarsa?

Kyaftin Isa (mai ritaya):
Dutsen da kansa ya ba da amsa bayan shekara biyar. A Satumba 1911 Janar John Pershing, gwamnan lardin na lokacin, ya ba da umarnin karɓe makamai. A Disamba mutum kusan 800 suka sake hawa Bud Dajo. Pershing bai hau ba. Ya zagaye dutsen, ya sare dajin da ke gefen hanyoyi don kada a sulale da dare, ya yanke shigar abinci, ya bar masu shiga tsakani suna kai da kawo. Cikin 'yan kwanaki yawanci suka sauko. Waɗanda aka kashe kimanin 12 ne. Dutse ɗaya, mutane iri ɗaya, rundunar ƙasa ɗaya.

Ko a 1906 ɗin ma akwai wanda ya san haka. Manjo Hugh Scott, gwamnan gundumar Sulu, ya yi watanni yana bin su da lallashi, yana ganin muddin suna can suna nomansu ba su da wata barazana. Sai da ya tafi hutu Amurka aka kai harin.

Hajiya Zainab:
Kyaftin kada dai a mai da Pershing waliyyi. A Yuni 1913, daga 11 zuwa 15, shi ne ya jagoranci harin Bud Bagsak a wannan tsibirin, aka kashe ɗaruruwa, har da jagoransu Datu Amil. An ce ya jira yawancin iyalai sun sauka kafin ya auka, to, amma an kashe mata a can ma. Kuma sanyin hannunsa na 1911 yana da nasaba da zaɓen shugaban Amurka na 1912 da ke tafe, gwamnati ba ta son a maimaita surutun 1906.

Kyaftin Isa (mai ritaya):
Gaskiyarki Hajiya. Hujjata dai ita ce zaɓi ya kasance, ba halin mutumin ba.

Auwalu Ɗalibi:
Wane surutu aka yi a 1906? Na ɗauka an ɓoye abin ne.

Hajiya Zainab:
Ba a ɓoye ba ƙanena, wannan shi ne abin mamakin. Cikin kwanaki labari ya cika jaridun Amurka. Shugaba Theodore Roosevelt, wanda tsohon abokin Wood ne tun yaƙin Kyuba na 1898, ya buga masa waya yana taya shi murna, ya ce shi da sojojinsa sun ɗaukaka martabar tutar Amurka. 'Yan adawa suka yi caa. A majalisar wakilai John Sharp Williams ya karanta waƙar zambo kan rundunar Wood, majalisa ta nemi a miƙa mata takardun. Marubucin Amurka Mark Twain ya yi rubutu mai zafi a cikin watan, amma bai fitar ba, sai a 1924 aka buga, shekara 14 bayan rasuwarsa. Sai ga girgizar ƙasar San Francisco ranar 18 ga Afrilu 1906, jaridu suka koma can gaba ɗaya.

Abin da ya hana labarin mutuwa hoto ne guda. Sojoji tsaye a bakin rami, wasu sun dogara da bindiga, ƙarƙashinsu gawarwaki a jibge, a tsakiya ga mace kwance ƙirjinta a buɗe. Ba ɗaukar sata ba ce, sun tsaya ne sun fuskanci mai hoto kamar mafarauta da abin da suka kamo. Wata jarida a jihar Pennsylvania ta buga shi a farkon 1907, ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka ƙarƙashin lauya Moorfield Storey ta buga kwafi ta rarraba. Malamin jami'a baƙar fata W.E.B. Du Bois ya rubuta wa Storey yana so a ba shi babba ya rataye a ajinsa don ɗalibai su ga abin da yaƙin mamaya yake nufi. Hoton shi ya karya zancen wando, domin duk mai ido ya ga mace ce.

Amma me ya biyo baya? Wood ya zama babban hafsan sojan ƙasa daga 1910 zuwa 1914, ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican a 1920 ya sha kaye a hannun Warren Harding, ya dawo Filifin a matsayin gwamna-janar daga 1921 har ya rasu a 1927. Yau akwai katafaren barikin soja a jihar Missouri mai sunansa. Laftanar Gordon Johnston ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka saboda wannan harin.

Malam Ɗanjuma Sakkwato:
Ku duba kwanan wata 'yan uwa. An gama Bud Dajo ranar 8 ga Maris 1906. Ranar 10 ga Maris 1906, kwana biyu tsakani, sojojin Lugga suka shafe Satiru, ƙauyen da ke kudu da Sakkwato. Mutanen Satiru sun kashe Turawa uku da sojoji sama da 20 ranar 14 ga Fabrairu, aka dawo musu da sojoji sama da 500 da bindigar Maxim, su kuwa galibi fartanya da gatari da kwari da baka. An ƙiyasta matattu 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsine wa duk wanda ya sake zama ko noma a wurin. Can Landan ma Winston Churchill, yana ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya rubuta rashin jin daɗinsa. A duka biyun talakawa ne suka bijire wa Bature da sarakunansu a lokaci guda.

Dakta Rabi:
Malam kamancen yana nan, amma a yi hattara. Satiru tawaye ne mai aƙidar Mahadiyanci, kuma su suka fara cin nasara a kan rundunar Bature. Mutanen Bud Dajo ba su kai wa kowace runduna hari ba, hawa suka yi suka zauna. Inda kwatancen ya fi amfani shi ne wajen tunawa. Satiru ba ta da hoton da ya zaga duniya, kuma masu sarautar da za su riƙe labarin suna ɓangaren da ya yi nasara. Bud Dajo tana da hoto, tana da 'yan adawa a majalisar ƙasar da ta yi kisan, daga baya kuma ta samu gwagwarmayar siyasa da ke bukatarta.

Malam Habu Gwale:
Dakta ki faɗaɗa wannan na ƙarshen. Su Tausug ɗin ya suke riƙe da shi?

Dakta Rabi:
A nan ne ra'ayin masu tausaya musu daga waje yake rabuwa da nasu. Twain da Storey sun ga bayin Allah marasa ƙarfi da aka rutsa a rami. Tausug suna da waƙoƙin tarihi dogaye da ake rerawa da kiɗan gabbang, wani abin kiɗa na sandunan gora da ake bugawa, kuma a irin waɗannan waƙoƙi wanda ya mutu yana fuskantar mamaya ya yi parang sabil ne, wato ya faɗi a tafarkin Allah. Ba abin tausayi ba ne, shahidi ne da ya zaɓi tsayawa. Shi ya sa in ka ce musu "ai ba yaƙi ba ne, yanka ne kawai", wasu za su ji kamar ka ƙwace wa kakanninsu jarumtarsu. In ka ce "yaƙi ne", ka wanke Wood. Ni a ganina duka biyun sun faru, a jere: an yi faɗa na gaske a kan hanyoyin hawa, aka yi yanka a cikin ramuka.

Sannan akwai nauyin abin da ya zo daga baya. Kisan Jabidah na 18 ga Maris 1968 a tsibirin Corregidor, inda sojan Filifin suka kashe matasan Musulmi da aka ɗauka horo, yawancinsu daga Sulu da Tawi-Tawi, shi ya hura wutar da ta haifi ƙungiyar MNLF ta Nur Misuari, mai fafutukar 'yancin Moro da makami. A Fabrairu 1974 garin Jolo ya ƙone ƙurmus a faɗan soja da MNLF. Ga dattijon Jolo na yau, 1974 ce ya gani da idonsa, 1906 kuwa farkon silsilar ce. Littattafan makaranta da ake rubutawa daga Manila sun daɗe suna ba yaƙin arewa fili, na kudu layi ɗaya ko biyu.

Barista Nura:
Sai kuma Duterte.

Hajiya Zainab:
Sai Duterte, tsohon shugaban Filifin. A Satumba 2016, lokacin da gwamnatin Obama ke sukarsa kan kashe-kashen yaƙi da ƙwaya, ya ɗaga hoton a taron ƙasashen yankin da aka yi a Laos, ya sake ɗagawa a fadarsa a Manila, yana cewa wa ya ba Amurka bakin magana kan haƙƙin ɗan Adam. Miliyoyin 'yan Filifin a ranar suka fara jin sunan dutsen, wannan ba a musu. Amma garkuwa ya yi da gawarwakin don kare nasa kisan. Gwada da ƙararrawar cocin Balangiga da sojan Amurka suka kwashe a 1901: gwamnatoci sun yi ta nema shekara da shekaru har aka dawo da su a Disamba 2018. Bud Dajo ba ta samu irin wannan naci ba, kuma Amurka ba ta taɓa neman afuwa a hukumance ba.

Auwalu Ɗalibi:
In mutum zai yi rubutu a kai, wane adadi zai kama, kuma wane kuskure zai guje wa?

Dakta Rabi:
Rubuta "tsakanin 600 da 1,000", ka faɗi cewa 600 daga wayar farko ta Wood ta fito, masana na baya sun fi karkata ga na saman. Babu jerin sunayen matattu, a ramukan da suka faɗi aka rufe su, don haka duk wanda ya ba ka lamba cif-cif ka tambaye shi tushenta. Kada ka gauraya 1906 da 1911 da 1913, uku ne daban: na farko Wood, biyun Pershing, na ƙarshen ma wani dutse ne dabam. Hotunan da ke yawo a intanet ana yawan sa musu taken da ba nasu ba, na ramin nan shi ne tabbatacce. Za ka kuma ga an rubuta Bud Dahu, wuri ɗaya ne. Masanin tarihi Kim Wagner ya fitar da cikakken bincike a 2024, ya bi takardun sojojin da wasiƙunsu, ya kuma je Jolo ya zauna da jikokin mutanen.

Barista Nura:
Ƙarin bayani ta fuskar doka ga mai tambayar wa ke da alhakin wurin yanzu. An ayyana dutsen a matsayin gandun ƙasa tun 1938, amma a matsayin daji, ba maƙabarta ba. Da aka kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa a 2019, an sa Sulu a ciki duk da cewa yawancin masu zaɓenta sun ce a'a a ƙuri'ar raba-gardama. A Satumba 2024 kotun ƙolin Filifin ta yanke cewa Sulu ba ta cikin yankin. Ke nan gwamnatin Bangsamoro, wadda ta fi kowa dalilin raya wannan tarihi, dutsen ya fita daga hurumin ikonta, magana ta koma hannun lardin Sulu da Manila.

Malam Ɗanjuma Sakkwato:
Dakta, in akwai wanda ya rubuta waƙoƙin gabbang ɗin nan da fassararsu, a taimaka a sanar da mu. Ina so in ga ko sun ambaci datu ɗin da aka tura lallashi, da kuma irin sunan da suka ba su.